Barcin Goshi a Gindin Gawo

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, gashina baƙi wuluk, kaina kuma cike da iska, wani abu ya faru da ni wanda ban taɓa ba ku labarinsa ba. Jiya wani tsohon ɗalibina ya turo mini guntun wani fim a waya, ya rubuta a ƙasa, "Malam, wannan ba ƙauyenku ba ne?" Ƙauyenmu ne. Na ajiye wayar na daɗe zaune, sannan na ce bari yau in rubuta, ko zuciyata ta yi sauƙi.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Urafan, ƙaramin gari ne na manoman gero da wake. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da abu biyu aka san shi: wuƙarsa da bijimin sansa.

Bari in fara da wuƙar. Kun san a wurinmu dabba in ta mutu ba a yanka ta ba, ta zama mushe, babu mai ci, asara ta zama biyu. Saboda haka duk gidan da akuya ko tunkiya ta faɗi, mahaifina ake rugawa a kira. Wuƙarsa kullum tana cikin kube a kugunsa, ko kasuwa za shi, ko gona, ko gaisuwar mutuwa. In ya zo sai ya tsuguna, ya buɗe idon dabbar, ya dubi harshenta, ya saurari numfashinta. In ya ce za ta tashi, to za ta tashi. In ya ce a juya ta alƙibla, babu mai musu. Yakan ce tsayawa kallon dabba tana shure-shure ba tausayi ba ne, tsoro ne. Duk tsawon tasowata ban taɓa jin an ce ya yi kuskure ba.

Shi kuwa san, ja ne mai farin tabo a tsakiyar goshi, shi ya sa ake kiransa Goshi. Yana ɗan maraƙi mahaifina ya sayo shi a kasuwar Urafan, ya rene shi da hannunsa. Rijiyar garinmu tana da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, kuma Goshi ne ke jan guga ga duk unguwarmu. Shi ke kai taki gona a amalanke, shi ke kwaso damman gero da kaka. Ko a shekarar da muka sha wuya, harawar Goshi ba ta yanke ba, dusarsa da kanwarsa suna nan. Mahaifiyata takan ce, "Ran da gobara ta kama gidan ga, Goshi za a fara hiddawa, sannan a tuna da ni." Shi kuma sai ya ce, "Ke ai kin san hanyar ƙofa." Yana da wani ɗan sauti da yake yi da harshe, in ya yi shi, ko Goshi yana bayan gari sai ya ɗago kai.

Wata bazara, ina gida hutun lakwal, sai ga manyan motocin shiga daji, kat-kat, guda uku daga Yamai. Masu shirya fim ne. Fim ɗin a kan wani dattijon ɗan siyasa ne na zamanin da, cikin waɗanda suka riƙe ƙasa tun farko. Ba jawabansa suke so su nuna ba, rayuwarsa ta cikin gida suke bi: ƙuruciyarsa, aurensa, zamansa da mahaifinsa. Sun zaɓi garinmu ne don babu turakun lantarki, rufin kwano ma bai fi a ƙirga ba. Wato abin da muke jin kunyarsa shi suka zo nema.

Da yake ina jin Faransanci, sai na zama tafintansu. Kai, na liƙe musu kamar kaska. Har baƙin tabarau na saya, ina yawo da shi cikin gari ina ce wa tsofaffin da suka yi mini wanka su yi shiru ana ɗauka. Allah dai ya yafe mana ƙuruciya.

Shugaban aikin, wanda suke kira darakta, ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mai fara'a ne, yana gaida kowa. Wata safiya ya kira ni ya bayyana mini abin da ya fi damunsa. A labarin, akwai shekarar yunwa. Ɗan siyasar, yana saurayi, ya dawo gida daga karatu, ya iske san mahaifinsa ya faɗi a bakin hanya, ya durƙusa kansa yana kuka. Wai daga ranar ce ya ƙudura shiga harkar ƙasa. Suna bukatar sa wanda zai yi tafiya gaban kamara, sannan ya faɗi kamar ya mutu.

"Ba za mu cuce shi ba," in ji shi. "Allurar barci ce kawai. Awa biyu ya tashi kamar ba a yi ba."

Ya ce sun nemi wani Bafulatani makiyayi, yana jin maganar allura ya kaɗa shanunsa ya yi gaba. Ni kuwa, sarkin wayewa, kafin ya rufe baki na ce, "Akwai na gidanmu." Ba kuɗi na hango ba, gara ma a ce kuɗi ne. So nake a ga san gidanmu a tele, wato talabijin, a ce ɗan wane ne ya kawo shi.

Da yamma na sami mahaifina yana soshe wa Goshi wuya. Na gaishe shi, na kewaya, na kewaya, sannan na faɗi bukatata.

"Goshi ba ɗan wasa ba ne," in ji shi, bai ko dube ni ba.

"Ba wasa zai yi ba, Baba. Wucewa kawai zai yi, su ɗauki hotonsa."

"Tahiya kaɗai?"

"Tafiya kaɗai."

Ya ci gaba da susa. Can ya ce, "To. Amma kar a bar mani shi cikin rana, kuma kar wani ya ɗaga mashi sanda."

Na san in na ambaci allura magana ta ƙare, shi ya sa na haɗiye ta. Na kuma san jibi zai tafi Atantane gaisuwar rasuwar wani amininsa, zai kwana biyu a can. Da gangan na ce wa darakta a sa aikin ranar. A lissafina, kafin tsoho ya dawo Goshi ya yi barcinsa ya tashi, ya ci harawa, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Wanda zai yi allurar abokina ne tun muna kolej, likitan dabbobi ne a Mayahi. Ya zo a kan moto, wato babur, da ƴar jakarsa. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Tsoho ya sani?" Na ce ya sani. Ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, in ji Hausawa, amma tawa ta yi ƴaƴa har da jikoki.

Abokina ya riga ya ce kada a ba Goshi abinci tun daren jajibirin aikin, don kada cikinsa ya kumbura in ya kwanta. Haka aka yi. Da safe na kwance shi yana ta miƙa wuya wajen rumbun harawa, yana dubana. Mahaifiyata ta ce, "Yau kuma ba a ba shi kalaci?" Na ce masu fim za su ba shi nasu, na ja shi muka fita.

Wurin da aka zaɓa shi ne gindin wani babban gawo, kan ƴar hanyar ƙafa da ke tasowa daga inda motoci ke sauke mutane zuwa cikin gari. Da suka ga Goshi sai suka ce ya cika ƙiba, bai yi kama da san shekarar yunwa ba. Aka kawo toka da gawayi aka zana masa haƙarƙari, aka shafa masa ƙasa a cinya. Daga hantsi har rana ta take tsaka yana tsaye a fili, wai ana jiran haske ya daidaita. Da aka fara, shi abin da ya sani shi ne hanyar rijiya, sai ya riƙa juyawa can. A fizgo igiyar hancinsa a dawo da shi, a sake. Sau bakwai aka maimaita, har na ga jini-jini a bakin hancinsa. Na tuna abin da mahaifina ya ce game da rana, na gyara tabarau na kau da kai.

Sai abokina ya yi masa allurar. Ba a jima ba ƙafafunsa suka fara rawa. Ya yi taku uku, ya durƙusa, ya kife a gindin gawon. Harshe ya fito, yawu na dalala, ido ya juye, yana wani irin nishi daga can cikin ƙirji. Wallahi ni da na san allura ce sai da gabana ya faɗi. Ɗan wasan ya rugo ya faɗa kansa yana kuka, matan gari da ke kallo daga nesa su ma suka kama share hawaye. Darakta ya rungume ni, ya ce wannan wuri shi ne zuciyar fim ɗin.

Suka kwashe kayansu suka nufi cikin gari, inda za a ɗauki wani ɓangaren a ƙofar gidan mai gari. Duk jama'a, babba da yaro, suka bi su. Ni da abokina muka gyara wa Goshi kwanciya a kan ƙirjinsa, muka tokare shi da damin kara. Muna nan sai ga wani makiyayi ya zo neman likita, saniyarsa ta kasa haihuwa a ruga. Kafin abokina ya hau moto ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ji ni da kyau. Kar ka matsa daga nan sai ya miƙe da ƙafafunsa. Ko fitsari ne, yi shi nan kusa." Na ce haba, sai ka ce yaro.

Bai fi rabin awa da tafiyarsa ba, wata daga cikin ma'aikatan fim ɗin ta zo da sauri. Wai suna neman wanda zai fito a matsayin magatakarda, ya sa tsohon kaki da hula, ya miƙa wasiƙa. Darakta ya ce ni na dace. "Minti goma ne," in ji ta.

Na dubi Goshi. Yana kwance cikin inuwa, numfashi na fita. Na dubi hanya, babu kowa. Na ce a raina, wa zai sace sa mai barci? Na bi ta.

Minti goma ya zama awa ɗaya da wani abu. Sau tara na miƙa wasiƙar nan, wai ban miƙa ta daidai ba. Da aka sallame ni, ko kakin ban cire ba, na kamo hanya ina murmushi ni kaɗai, ina tunanin yadda abokan aikina za su gan ni a tele.

Tun daga nesa na hango mutum uku a gindin gawo. Biyu baƙi ne, matafiya, jakinsu na ɗaure gefe. Na ukun yana tsugune yana goge hannu da rairayi. Tun kafin in ga fuskarsa na gane rawaninsa. Sannan na ga an juya Goshi alƙibla, na ga ƙasa ta yi baƙi a ƙarƙashin wuyansa.

Ashe mahaifina bai kwana ba. Ya yi gaisuwa, ya sami motar da za ta biyo ta wajenmu, ya ce hankalinsa bai kwanta ba, ya shigo. Aka sauke shi a bakin hanya, ya biyo ƴar hanyar ƙafa, ya iske sansa shi kaɗai, harshe waje, yawu na zuba, jiki duk toka da ƙasa, babu mahaluki kusa da zai tambaya.

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajur. Bai ko lura da kakin da ke jikina ba.

"Ka zo?" in ji shi. "Allah ya sa na ishe shi da sauran lumfashi. Da na kwana can, da mushe za mu bizne."

Ya juya ya dubi Goshi, ya ci gaba.

"Na ɗaga kanshi, na hura mashi hanci, na murɗa mashi wutsiya, bai motsa ba. Sau ukku ina kiran shi. A na ukkun ya buɗe ido ya dube ni." Ya shafa farin goshin nan. "Ko maciji ne, ko leda ya haɗiya, Allah masani. Bayin Allah ga su sunka kama mani shi."

Sai ya tashi ya dafa kafaɗata da hannun nan da bai gama gogewa ba. "Kar ka ɗora ma kanka, yaro. Kwananshi ne ya ƙare. Ko ina nan, haka za ta faru."

Ku dubi wannan. Ni na yi ɓarnar, shi ke ba ni haƙuri. Kuma ya buɗe mini ƙofa da kansa, abin da ya rage kawai in yi shiru. In na yi shiru, zai ci gaba da rayuwa yana ganin ya yi wa abokinsa gata na ƙarshe, ya cece shi daga zama mushe. Ba zan ɓoye muku ba, na yi shirun. Na tsaya ina kallo aka fara fiɗa.

Labari ya shiga gari, mutane suka baro wajen fim suka taru. Waɗanda suka ga an yi allurar sun ɗauka ita ce ta kashe shi, suna ta satar kallona, amma ganin halin da tsoho ke ciki babu wanda ya iya buɗe baki. Mahaifina ya ce shi ba zai sayar ba, ba zai kuma iya kai naman bakinsa ba, a raba wa unguwa sadaka. Mata suka fara kawo kwanoni.

Ana cikin haka na ji ƙarar moto. Abokina ya sauka, ya dubi fatar da aka shimfiɗa, ya dube ni. Ya ja ni bayan gawon.

"Ina ka tafi?"

Na sunkuyar da kai. Ya dubi kakin jikina, ya gane.

"Tsoho bai sani ba ke nan," in ji shi a hankali. Ya yi ajiyar zuciya. "Wannan tsakaninka da Allah ne. Amma naman nan ba ya ciwuwa. Maganin yana cikin jininsa, ko awa uku bai yi ba. Yara za su ci, masu ciki za su ci. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

Na leƙa. Matar maƙwabcinmu, da tsohon ciki, tana tsaye riƙe da kwano, an sa mata hanta saboda halin da take ciki. Ban taɓa jin nisan tafiya kamar takun nan goma da na yi daga bayan gawo zuwa gaban mahaifina ba.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, kar a ci naman nan."

Ya juyo. "Don mi?"

"Allura aka yi masa. Ta barci. Masu fim ne suka so ya faɗi kamar ya mutu. Ni na yarda, ni na ɓoye maka. An ce in zauna tare da shi har ya tashi, na tafi na bar shi."

Mahaifina ya daɗe yana dubana kamar da wani yare na yi magana.

"Barci shike?"

"Barci ne, Baba."

Ya juya wajen abokina. "Likita, hwaɗa mani gaskiya. Da an ƙyale shi, shina tashi?"

Abokina ya sunkuyar da kai. "Yana tashi, Baba."

"Yaushe?"

"Kafin la'asar."

Mahaifina ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar gawon. La'asar ta kusa. Sai ya ce, ba da kowa ba, "Shi ya sa ya dube ni."

Na so a ce ya mare ni. Na so ya zage ni gaban jama'a, ya ce in bar masa gida. Bai yi ko ɗaya ba. Da kansa ya bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, yana karɓar kwanoni yana ba su haƙuri, yana juye naman a kan fatar. Ya aika aka kawo magirbi da shebur. Na miƙa hannu zan karɓa, ya wuce ni ya ba ɗaya daga cikin matafiyan. A gindin gawon aka haƙa rami aka binne Goshi, har fatar. An yanka shi don kada ya zama mushe, ga shi an binne shi kamar mushen.

Darakta ya zo gida da yamma, hankalinsa a tashe, ya ce za su sayo wani sa duk wanda mahaifina ya zaɓa. Ni ne ma tafinta, ku ji ƙarin abin kunya. Mahaifina ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Hwaɗa mashi ya gode. Su sun yi aikinsu, ni ma na yi nawa. Babu bashi tsakaninmu." Suka ƙarasa aikinsu cikin kwana uku suka tafi, ban sake zuwa wurin ba.

Sauran bazarar nan da hannu matan unguwarmu suka ja ruwa. Tafin hannun mahaifiyata ya tsage, ba ta taɓa nuna mini ba, ni ne na gani tana shafa man kaɗe. Daga baya na tara albashi na sayo wani sa. Mahaifina ya karɓa, ya sa albarka, yana ba shi harawa kan lokaci. Amma bai sa masa suna ba, ban kuma taɓa jin ya yi masa sautin nan na harshe ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne bayan wata biyu. Tunkiyar wani maƙwabcinmu ta faɗi, aka rugo aka kira mahaifina kamar kullum. Na bi shi. Ya tsuguna, ya buɗe idonta, ya dubi harshe. Ko ni na san ta gama. Ya ɗora hannu a kan kube, sai ya tsaya.

"Mu ɗan jira," in ji shi.

Mai tunkiya ya ce, "Baba, tahiya take."

"Mu ɗan jira kaɗan."

Muna tsugune har ta yi shurin ƙarshe ta miƙe. Mahaifina ya tashi, ya ba mutumin haƙuri, ya dawo gida ya ba shi tunkiyar mahaifiyata a madadi. Ya kwance kuben daga kugunsa ya rataye a ƙusa cikin ɗakinsa. Daga ranar har ya koma ga Allah bai sake yanka ko kaza ba. Ran Layya liman yake kira ya yanka masa ragonsa, shi kuma ya shige ɗaki sai an gama.

Bayan kamar shekara biyu ya zo Tasawa a duba masa ido, ya sauka wurina. Ya ji labarin fim ɗin ya fito, ina da faifansa. Da hantsi, muna zaune, ya ce, "Sa mani in gani." Na so in kawo uzuri, ya ce, "Sa mani."

Ya zauna a tabarma dab da tele saboda idonsa. Bai kula da ɗan siyasa ba, bai kula da auren ba. Da aka zo wurin, sai ga Goshi ya fito daga bayan gawo, yana tafe a hankali, haƙarƙarin gawayi a jikinsa, farin goshin nan na haskawa. Sai na ji mahaifina ya yi sautin nan da harshe, can ƙasa-ƙasa, bai ma san ya yi ba.

Goshi ya durƙusa, ya kife. Ɗan wasa ya faɗa kansa yana kuka. Mahaifina ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Nan shina da rai," in ji shi.

"Yana da rai, Baba."

"Ga cikinshi nan shina motsi. Yanzu na gani."

Wurin da na miƙa wasiƙa kuwa, ashe sun yanke shi. Abin da ya rage nawa a duk fim ɗin shi ne gwiwar hannuna a gefen hoto. Da aka ƙare, rubutu ya riƙa hawa, ya tsaya a kan wani layi shi kaɗai. Mahaifina ya ce, "Wanga mi ya ce?" Na yi kamar ban ji ba, ya sake tambaya. Na ce, "Sun ce ba a cutar da kowace dabba ba wajen yin fim ɗin nan."

Ya gyaɗa kai. "Gaskiya sunka hwaɗa. Su ba su riƙa wuƙa ba." Sannan ya ce, "Maida shi baya. Inda shike tahiya."

Na mayar. Goshi ya sake fitowa daga bayan gawo. Kafin ya durƙusa, mahaifina ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Sake maidawa." Sau biyar muka yi haka, har aka kira azahar.

Mahaifina ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa tun kafin ya kwanta ciwon ajali, kuma na yarda har zuciyarsa ne. Amma yafiya ba ta mayar masa da hannunsa ba. Shekaru na ɗauka ina ganin laifina shi ne barin gindin gawon nan. Yanzu da na manyanta na gane laifin ya riga haka, tun yammacin da ya tambaye ni, tafiya kaɗai, na ce masa tafiya kaɗai. Mutumin da bai taɓa kuskuren karanta idon dabba ba, ni na ɓoye masa abu ɗaya da zai sa ya karanta daidai. Ban ga laifin masu fim sosai ba, su hoto suka zo nema kuma sun samu. Sai dai duk lokacin da na ga dabba ta faɗi a fim, mutane na yaba yadda abin ya yi kamar gaske, ni tambayata daban ce: ta wa ce, an gaya wa mai ita gaskiya, kuma wa ya zauna da ita bayan an kashe kamara?

Wuƙar tana wurina yanzu, cikin kubenta, ban taɓa zare ta ba. Gawon ma yana nan, in na je gida nakan bi ta wata hanyar.

Guntun da ɗalibina ya turo jiya, daidai wurin ne. Na buɗe, Goshi ya fito daga bayan gawo yana tafe a hankali. Kafin ya durƙusa na danna na tsayar da shi, na mayar baya.